Wakilcin Al'umma a Taurarin Wasannin Kwamfuta: Bahaushe da Maƙwabtansa a Mahangar Karasuwa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna bin diddigin yadda ake siffanta Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba a cikin tatsuniya da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo, daga baya kuma fim ya shigo sahu. Akwai fage guda da bai sami irin wannan kulawa ba, wato wasannin kwamfuta, waɗanda yara da samari suke kira gem. Da wuya a sami babban gari a Arewa da babu shagon da ake biyan kuɗi a buga PlayStation, kuma tun da wayar hannu ta wadata sai wasan ya tashi daga shago ya koma aljihu. Haka abin yake a garuruwan arewacin Jihar Yobe, irin su Nguru da Gashuwa da Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi nazarin taurarin waɗannan wasanni ta fuskar wakilcin al'umma. A Turai da Amurka, inda aka fara wannan muhawara, launin fata shi ne babban ma'auni. Maƙalar za ta nuna cewa wannan ma'auni bai wadatar ba a ƙasar da kusan kowa baƙi ne, inda suna da harshe da tarihi su ne suke bambanta mutum da maƙwabcinsa. Za a auna wasanni uku da suka fito da Bahaushe ƙarara, sa'an nan a dube su daga yankin Karasuwa, inda Bahaushe yake zaune kafaɗa da kafaɗa da Mangawa da Badawa da Fulani.

2.0 Tauraro da Wakilci a Wasan Kwamfuta

A fagen nazarin adabi, tauraro shi ne wanda marubuci ya ɗora wa ɗawainiyar labari, ko babba ko ƙarami. Tauraron wasan kwamfuta ya sha bamban da na littafi ta hanya ɗaya muhimmiya. Mai karatu kallon tauraro yake yi daga gefe, amma mai buga gem shiga rigar tauraron yake yi, shi ne mai tafiyar da shi, kuma idan an kashe tauraron cewa yake yi "an kashe ni". Saboda haka tambayar wa aka ba babban matsayi, wa kuma aka ajiye don a harbe shi, ta fi nauyi a nan fiye da a littafi.

A 2009 Dmitri Williams da abokan aikinsa suka buga wani bincike a mujallar New Media & Society, inda suka ƙidaya taurarin wasanni 150 da aka sayar a Amurka. Sun gano cewa kimanin kashi 80 cikin 100 farare ne, baƙaƙe ba su kai kashi 11 ba, maza kuwa sun kai kashi 85. Ƙidayar tana da amfani, sai dai kai kawai ta ƙirga. A cikinta Bayarabe da Bahabashe da baƙin Amurka duk gida ɗaya suka faɗa. Don haka a wannan nazari za a yi amfani da ma'auni uku:

(a) Suna: shin tauraron yana da sunan da al'ummarsa za ta gane, shi da muƙaminsa da kayan aikinsa?

(b) Harshe: da wane harshe yake magana, kuma harshen ya dace da inda aka ce ya fito?

(c) Muhalli: an ajiye shi a garinsa da zamaninsa, tare da maƙwabtansa na gaskiya?

3.0 Baƙar Fata Kafin Bayyanar Bahaushe

Baƙin da masu buga gem a Arewa suka fara sabawa da shi iri uku ne. Na farko shi ne baƙin Amurka, kamar Carl Johnson na Grand Theft Auto: San Andreas, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2004. Shi ne babban tauraro, yana da suna da dangi da unguwa, amma rayuwarsa ta 'yan daba ce da satar motoci. Yaron Gashuwa ya ga fata irin tasa, bai ga rayuwa irin tasa ba.

Na biyu shi ne ɗan ƙwallo. A wasannin FIFA, waɗanda suka koma EA Sports FC a 2023, da PES, wanda ya koma eFootball a 2021, baƙaƙe suna da yawa, kuma da sunayensu na gaskiya. Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars wanda ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya bayyana a cikinsu. Amma ɗan ƙwallon gem ba ya magana, ba shi da labari. Gudu ne da ƙarfin ƙafa da aka mayar lambobi.

Na uku shi ne baƙin Afirka marar suna. Misalin da ya fi tayar da ƙura shi ne Resident Evil 5 na kamfanin Capcom, 2009, inda wani Bature, Chris Redfield, yake harbin tarin baƙaƙen da cuta ta haukata a wani ƙagaggen wuri mai suna Kijuju. An sa masa abokiyar aiki 'yar Afirka, Sheva Alomar, amma wannan bai kashe surutun ba. Abin lura ga masanin harshe shi ne, an ce Kijuju a Afirka ta Yamma yake, alhali mutanensa Swahili suke yi, harshen Afirka ta Gabas. A wurin masu wasan, ke nan, Afirka gari ɗaya ce mai harshe ɗaya.

4.0 Bahaushe a Wasanni Uku

Daga 2020 zuwa 2025 Bahaushe ya fito da sunansa a manyan wasanni uku na dabarun mulki da yaƙi, inda mai wasa yake riƙe da ƙasa, ya gina birane, ya tara dukiya, ya tura runduna. Irin waɗannan sun fi buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, don haka ba su kai ƙwallo farin jini a shagunan gem ba. Duk da haka tasirinsu babba ne, domin ta cikinsu ne ɗimbin matasan duniya suke fara jin kalmar Hausa.

4.1 Daurama a Crusader Kings III

Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da wannan wasa a 2020. Cikin 'yan taurarin da yake gabatar wa mai wasa don farawa a shekarar 867 akwai Daurama ta Daura. Ta fuskar suna da gari an yi daidai, kuma abin yabo ne a ce an sa sarauniyar Daura a sahu ɗaya da sarakunan Turai. Matsalar tana wajen muhalli. Labarin Daurama da Bayajida da rijiyar Kusugu labarin asali ne da aka gada ta baka, ba shi da shekara, kuma masana tarihi sun yi ta taƙaddama a kan yadda ya kamata a fahimce shi. Wasan ya kafe shi a shekara ɗaya kamar ranar da aka rubuta a kundi.

Bugu da ƙari, ya kira addinin Hausawan wancan zamani Bori, har ya ajiye lambar yabo ga wanda ya fara da Daurama ya yaɗa addinin gargajiya a Afirka baki ɗaya. Wanda ya san al'adun Hausawa ya san bori sashe ne na tsohon addini, wanda ya fi shafar hawan iska da warkarwa, ban da tsafin gida da na gona da na gari. Haka kuma addini ne da ba ya fita wa'azi don neman mabiya. An ɗinka masa riga ne da awon addinan da masu wasan suka sani.

4.2 Amina a Age of Empires III

A watan Agusta 2021 aka yi wa sabon zubin Age of Empires III ƙari mai suna The African Royals, wanda ya shigo da Habashawa da Hausawa. Wannan shi ne wasan da ya fi ba Bahaushe fili. Mayaƙa da manoma suna amsa umarni da Hausa, ana ganin ginin ƙasa da fada da makaranta, shanu kuma dukiya ne da ake juyawa a kasuwa. Ta fuskar harshe wannan ci gaba ne na haƙiƙa idan aka kwatanta da Kijuju.

Sai dai sunayen suna buƙatar a tsaya a kansu. An kira barade masu sulken auduga Lifidi Knight. Kalmar lifidi daidai take, tsohuwar aro ce daga Larabci, kuma har yau ana ganin 'yan lifida a hawan salla. Amma mai tsaron fada da ke riƙe da bindiga an kira shi Maigadi. Kalmar gadi aro ce daga Ingilishi, ta shigo Hausa bayan zuwan Turawa, ma'anarta kuma mai tsaron ƙofar gida ko ofis ko kanti. Wasan kuwa zamaninsa daga ƙarni na 16 ne zuwa na 19. Fadar Hausa tana da dogarai da 'yan bindiga da bayin sarki, ba ta rasa sunan da za a ara ba. Jin an kira jarumin fada maigadi dariya yake ba Bahaushe, alhali wanda ba ya jin Hausa ɗauka zai yi sarautar yaƙi ce.

Haka nan an kira makaɗin yaƙi Griot, kalmar da Faransawa suka yaɗa, wadda aka fi danganta ta da mawaƙan gado na ƙasashen Mande, wato yankin Mali da Gini da Sanagal. Bahaushe yana da maroƙi da makaɗin fada da sanƙira da mabushin kakaki, kowanne da aikinsa. Jagoran runduna kuma an kira shi Emir, laƙabin da bai zama ruwan dare a ƙasar Hausa ba sai bayan jihadin 1804, aka sa shi ƙarƙashin sarauniyar da ta riga jihadin da ɗaruruwan shekaru.

Babban tuntuɓen yana wajen gari. Shugabar Hausawa a wasan ita ce Amina, amma babban birninta Kano ne. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ambaci Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, a matsayin sarauniyar Zazzau da ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, wasu masana kuma suna kai ta ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Duk inda aka ajiye zamaninta, babu wanda ya ba ta gadon sarautar Kano. Masu wasan sun ɗauki sunan da ya fi shahara suka haɗa da birnin da ya fi shahara, suka sami ƙasar Hausa guda mai sarki guda, abin da tarihi bai san da shi ba. Kano da Katsina da Zazzau da Gobir ƙasashe ne masu cin gashin kansu, sun yi ciniki da juna, sun kuma gwabza yaƙi.

A cikin ƙarin akwai wani babin yaƙi a kan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ma'anar sunansa ita ce faɗuwar Hausawa. Abin da ya faɗi a Alƙalawa a 1808 gidan sarautar Gobir ne. Akwai Hausawa a jama'ar Shehu, kamar Malam Abdussalami na Gimbana, kuma masana irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman sun daɗe da nuna raunin fassara wannan tarihi da faɗan ƙabila da ƙabila. Sunan babin ya farfaɗo da fassarar da aka riga aka yi wa raddi.

4.3 Amina a Civilization VII

A watan Fabrairu 2025 kamfanin Firaxis ya fitar da Civilization VII, Amina tana cikin shugabanninsa, an danganta ta da Zazzau, kuma da Hausa take magana. Ma'aunin suna da na harshe sun cika. Amma tsarin wasan ya raba shugaba da ƙasa, kuma a lokacin fitowarsa babu ƙasar Hausa a jerin ƙasashen da ake zaɓa. Wanda yake son Amina ta mulki ƙasar baƙar fata sai ya ba ta Aksum ta Habasha, ko Songhai, ko Buganda ta Yuganda. Haka kuma an ƙara wa mayaƙanta ƙarfi a fili da hamada, alhali Zazzau ƙasar damina ce mai albarka, mai duwatsu irin su Kufena da Turunku. An sami sarauniya, an rasa Zazzagawa. Ruhin Kijuju bai mutu ba, ado kawai ya sake.

5.0 Mahangar Karasuwa

Ya zuwa nan ƙorafin na Bahaushe ne. Amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan aka tsaya a Karasuwa aka dubi waɗannan wasanni, wata tambaya takan taso: ina sauran mutanen?

Wannan yanki mahaɗa ce tsakanin Borno da ƙasar Hausa. Nguru ita ce mazaunin Galadiman Borno, wanda yake riƙe da yammacin daular. Mangawa reshe ne na Barebari. Gashuwa ita ce hedikwatar masarautar Bade, wadda tsohon birninta Gogaram yake, harshen Bade kuma ɗan'uwan Ngizim ne, dangin Hausa na nesa a cikin harsunan Chadi na yamma. Sarautun Galadima da Ciroma da Yarima, waɗanda fadojin Hausa suke taƙama da su, daga Borno suka zo. Tun a 1960 Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka iso Hausa.

To, a Age of Empires III Bahaushen wasan yana iya ƙulla ƙawance da Songhai da Fulani da Yarabawa da mutanen Maroko, har da Ingila. Babarbare kuwa ya fito ne a matsayin sojan haya mai suna Kanuri Guard, wanda ake saya da kuɗi. Daular da gidan Saifawa ya mulka ɗaruruwan shekaru har zuwa 1846, wadda sarakunan Hausa suka taɓa aika wa gaisuwa, ta koma mai gadi na biyu. Gaskiya ne wasannin Paradox, irin su Europa Universalis IV na 2013 da Victoria 3 na 2022, sun sa Borno a taswira a matsayin ƙasa, amma launi ne a taswira, ba tauraro mai fuska da murya irin Amina ba. Bade da Ngizim kuwa ko a sahun sojan haya ba su sami gurbi ba.

Wannan ya yi kama da abin da ke faruwa a ƙasa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, Hausa ta yi ta ƙarfi a matsayin harshen kasuwa da tasha, har ta shiga gidajen da a da Badanci ko Manganci ake yi. Yaron Bade da ya ji sojan gem yana Hausa zai ji daɗi, domin harshe ne da ya iya. Amma darasin da yake ɗauka a fakaice shi ne, duniya ta san Bahaushe, ba ta san kakansa ba. Yadda Swahili ya tsaya a madadin Afirka duka a 2009, haka Hausa take neman tsayawa a madadin Arewa duka. Kada kuma a manta, adabin Bahaushe na baka yana da nasa miƙaƙƙun taurari, wato Bagwari da Bamaguje da Bafillacen labaran raha, waɗanda aka san halinsu tun kafin su buɗe baki. Wanda ya ji zafin a kira dogarinsa maigadi ya kamata ya fi kowa gane wannan ciwo.

6.0 Aikin da ke Gaban Masana Harshe

Kurakuran da aka nuna a sama ba na ƙeta ba ne, akasarinsu na ƙarancin madogara ne. Mai tsara wasa abin da ya samu a rubuce da Ingilishi shi yake ɗauka, kuma sunan da ya fi yawo shi yake fara cin karo da shi. Saboda haka aiki na farko shi ne tattara kalmomin fada da yaƙi da sana'a, tare da bayanin zamanin kowace kalma da asalinta, a ajiye su inda mai nema zai samu a intanet. Harsashin yana nan. Aikin binciken harsunan Yobe da Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba suka jagoranta ya samar da ƙamusoshin Bade biyu a 2004, na karin Gashuwa da na karin Yamma. Abin da ya yi saura shi ne labaran baka da kirari da tarihin garuruwa, kafin tsofaffin da ke riƙe da su su ƙare. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana tsakiyar wannan fage.

Aiki na biyu shi ne sassan harsuna su karɓi wasan kwamfuta a matsayin matani da ake nazarin jigonsa da salonsa da taurarinsa, kamar yadda aka karɓi fim bayan an daɗe ana yi masa kallon raini.

Na uku, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kamfanin Kiro'o na Kamaru ya fitar da Aurion a 2016 bisa al'adun Afirka, kuma a 2024 Abubakar Salim, ɗan Ingila mai asali da Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau, wanda ake iya saurare da Swahili. A can Swahili yana gidansa ne. Fadamun Haɗeja da Nguru, da bikin kamun kifi na Bade, da fatauci tsakanin Kano da Kukawa, duk kayan labari ne da ke jiran mai ɗauka.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun baƙar fata a wasannin kwamfuta daga taron marasa suna na Kijuju zuwa Daurama da Amina. An ga cewa ta fuskar suna da harshe an sami ci gaba tsakanin 2009 da 2025, amma ta fuskar muhalli da saura: an kai Amina Kano, an raba ta da Zazzagawa, an ba fadarta kalmomin wani zamani da na wata ƙasa. An kuma ga cewa fitowar Bahaushe ba ta nufin fitowar maƙwabtansa, domin daga Karasuwa ana hango Babarbare a matsayin ɗan haya, Babade kuma babu shi sam. Ƙidayar launin fata ba za ta taɓa nuna wannan giɓi ba, tun da a wurinta duka baƙaƙe ne. Masanin harshe ne yake da kayan aunawa, kuma hakkinsa ne ya auna wa Bade da Manga da mudun da yake so a auna wa Hausa.